Da ƙwai za ka fara, mai sai daga baya

Ka tambaye ni wai hotunan cocin Girkawa na zamanin Barok ɗin nan, wato salon zanen Turai na wajen ƙarni na 17, da kake son kwaikwaya, tunda sun yi kama da zanen Italiya, ko da fentin mai za ka yi su. A'a ɗana, tsaya ka ji.

Yawancin masu zanen ƴan tsibirin Kirit ne, lokacin yana hannun Benis ta Italiya, da Turkawan Usmaniyya suka kawo yaƙi, har suka karɓe Kandiya babban birnin tsibirin a 1669, sai suka watsu, wasu tsibirin Korfu wasu na Zakintos wasu can Benis ɗin. Irin su Theodore Poulakis da ya rasu a Korfu a 1692, da Emmanuel Tzanes wanda limamin cocin Girkawa ne a Benis. Shi Poulakis hotunan ɗab'i na ƴan Filandas (yankin Beljiyam na yanzu) yake samu, irin na Jan Sadeler, ya ɗauko tsarin, shi ya sa kake ganin mutane cunkus, riguna na kaɗawa, dawakai na zabura. Toh amma hannun da ya yi aikin na gidansu ne, kuma nan nake so ka sa ido sosai.

Katako busasshe za ka samu, ka manna masa yadi da gam na fatar dabba, ka yi ta shafa alli shafi kan shafi kana gogewa har ya yi sumul, inda gwal zai hau ka sa jan yumɓu tukuna. Kalar kuma gari ce, da gwaiduwar ƙwai da ɗan ruwan khal ake kwaɓa ta. Fuska da duhu ake fara ta, ka shimfiɗa kala mai duhu gaba ɗaya sannan ka riƙa hawo da haske kaɗan-kaɗan a goshi da hanci da kumatu, ƙwai bushewa yake nan take ba ya jiran ka murza shi kamar mai, don haka siraran layuka za ka jera da ƙaramin burushi, wallahi in ka iya wannan sauran mai sauƙi ne.

Fentin mai ya shigo daga baya, gaskiya ne, Panagiotis Doxaras ne ya tsaya masa har ya yi rufin cocin Waliyyi Spyridon a Korfu a 1727, amma wannan wata hanya ce daban.

Gobe ka zo da ƙwai da allura, za mu huda takardar zanen mu buga garin gawayi ya sauka kan allin, fuska ɗaya kawai za ka yi.