Amsa ga Malam mai tambaya kan yaran da ke gudun aji

Salam Malam, ka ce yaranka na sashen lantarki da kanikanci sun daina zuwa aji, gyangyaɗi kawai suke yi in ka hau allo. To wallahi nima na sha wannan a nan Birnin Kebbi, kuma laifin ba na yaran ba ne duka, yaro ya shekara biyu yana kwafar zanen waya a littafi bai taɓa riƙe testa ba ka ce ya zai yi.

Abin da na yi shi ne na roƙi wani mai gyaran injin ban ruwa ya ba ni guda biyu da suka mutu, irin na manoman shinkafa a fadamar Argungu, muka kwance su a gaban aji, kabureta, fulogi, komai a ƙasa, sai da kowa ya ɓata hannu da baƙin mai sannan na koma allo na yi bayanin yadda mai da iska ke haɗuwa. Ranar ko mai fita fitsari babu.

Kada ka jira SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a wuraren sana'a da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi, wannan sai sun shiga babbar makaranta irin foli (kwalejin kimiyya da fasaha) ta Waziri Umaru ko ta Ƙauran Namoda, ya yi nisa. Ka tura su gareji ko wajen masu haɗa sola duk Asabar, su dawo Litinin da matsala ɗaya da suka gani, a kanta za ka gina darasin satin. Amma fa ka fara zama da iyaye da ogan garejin, kar a mayar da yaro ɗan aike sayo shayi.