Yaya Zan Gane Ko Wijit Yana Kunne a WordPress?

Tambaya: Malam, ina kula da wani shafin labarai na WordPress, kuma na rubuta ɗan wijit, wato ƙaramin akwatin bayani, mai nuna lokutan salla a gefen shafi. Damuwata ita ce fayil ɗinsa na JavaScript yana sauka a wayoyin masu karatu ko da an cire wijit ɗin, yana cinye musu data a banza. Ta yaya zan sa manhajar ta duba tukuna? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ka yi tunani mai kyau, domin wanda ya sayi data da guminsa bai kamata a ɗora masa kayan da ba zai gani ba. WordPress yana da umarnin da aka tanada don wannan, kuma ga yadda ake rubuta shi: is_active_widget( false, false, 'lokutan_salla', true ). Abu na uku shi ne sunan asali da ka ba wijit ɗin lokacin da ka gina shi a kan WP_Widget, wato tushen da WordPress ya tanada don gina wijit, na huɗun kuwa yana sa a tsallake waɗanda aka ajiye a ma'ajiyar marasa aiki. Idan yana kunne za a dawo maka da sunan gefen da yake zaune, idan ba haka ba sai a ce false.

Wurin da ka sa umarnin yana da muhimmanci ƙwarai. Ka sa shi cikin aikin da ka rataya a wp_enqueue_scripts, wato lokacin da WordPress ke jera fayilolin da shafi zai sauke, domin idan ka kira shi kai tsaye a farkon functions.php, ba a riga an yi rajistar wijit ɗin ba.

Sai dai umarnin yana gaya maka ne kawai cewa an ajiye wijit ɗin a wani gefe, ba ya tabbatar da cewa ya bayyana a shafin da ake karantawa yanzu. Saboda haka ni na fi son a kira wp_enqueue_script, umarnin da ke sauke fayil, daga cikin widget() kanta, wato aikin da ke nuna wijit ɗin, inda fayil ɗin zai sauka a ƙasan shafi, kuma sai wijit ɗin ya fito zai sauka.

Tun fitowar WordPress 5.8 a Yulin 2021, wijit ɗin da aka gina da tubali, wato sabon tsarin blocks, duk suna ɗauke da sunan asali ɗaya, wato block, don haka wannan umarni ba zai bambance su ba. Naka na tsohon tsari ne, sunansa yana nan yadda ka sa shi.