Faci biyu, ɗakin kwana ɗaya

Kai yaro, ajiye sukundireban nan ka zauna. Tambayar da ka yi mani jiya, wai me zai hana ka kwafi foldar PES 2017, gem ɗin ƙwallon ƙafa, gida uku a kwamfuta ɗaya, kowace ka ɗora mata facinta, wato ƙarin gyaran da ake ɗora wa gem, ta tuno mani da kuɗina da ke hannun wani har yau.

Kwafin folda ɗan firamare ma zai yi, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Inda gizo ke saƙar shi ne gem ɗin ba a foldarsa yake ajiye komai ba. Faci dai yana shiga foldar download ta cikin gem ɗin, fayil ɗin DpFileList.bin ke jera wa gem ɗin abin da zai karanta. Amma sebin, wato abin da gem ɗin ke adanawa, na can Documents, cikin KONAMI, kuma ko kwafi goma ka yi, nan duk suke kwana. Fayil ɗin EDIT00000000, wanda ke riƙe da gyaran ƙungiyoyi da 'yan wasa, guda ɗaya ne tak.

Ana saura kwana biyar ƙaramar Sallah wani mai gidan gem a wajen Ƙofar Ƙaura ya kawo mani kwamfuta shida. Yana son faci biyu a kowace, kuma in sa mashi Katsina United da Kano Pillars don yara su samu abin musu. Dare uku na yi daga shan ruwa zuwa sahur, janareto na shan man aljihuna, ina shigar da sunaye ɗaya bayan ɗaya da fad ɗin buga gem, har launin riga da lambar baya. Ya ba ni 20,000 kafin alƙalami, sauran 40,000 sai bayan Sallah.

Ran jajibere ƙanensa, irinku ɗin nan masu digiri a YouTube, ya sauke sabon faci ya ɗora a kan kwafi na biyu. Facin ya zo da nashi EDIT, Windows ta tambaye shi ko a maye gurbin tsohon, ya danna eh. A duka shidan, don Allah ya hore mashi naci.

Yara suka dawo daga kallon hawa a Ƙofar Soro, aljihu cike da barka da Sallah, aka buɗe kwafi na farko, Katsina United ta yi ɓatan dabo, sunaye sun cakuɗe. Mai gidan gem ɗin ya zo nan, bakin ƙofar nan da kake jingine, yana ɗaga murya wai aikina ne na jabu. Ni kuma filashin da na raba EDIT ɗin da shi na riga na goge shi na zuba wa wata mata hotunan biki. Wannan kam laifina ne, shi ya fi ci mani rai.

Tun daga ranar, kowane faci da nashi asusun shiga Windows, tunda kowane asusu da nashi Documents. Mai gem ya fita daga wannan ya shiga wancan, ba ruwan wani da wani. Gem ɗin na asali, wanda faci bai taɓa ba, yana diskin waje cikin durowata, kuma in ka taɓa shi sai mun ɓata. Sunan folda kuwa sunan faci da kwanan wata, ba irin naku ba, "sabo", "sabo2", "sabo na gaske". GTA San Andreas ma haka take, nata sebin na Documents, in ka ɗora mata kaya sai ka kula.

Ku matsalarku gaggawa, kuna danna eh kafin ku karanta tambayar. Tashi ka ɗauko filashin nan ja ka kwashe EDIT ɗin kwamfutar Alhaji kafin ka taɓa komai. Mai gidan gem ɗin nan kuwa shekaranjiya na gan shi a Ƙofar Ƙwaya cikin sabuwar mota, har da ɗago mani hannu.