Amsa: sabunta BIOS da filashi

Malam, ka tambaya ko za ka iya sabunta BIOS (manhajar da ke fara tayar da kwamfuta) ɗin babban allon cikin kwamfutarka, wato motherboard, da filashi tunda Windows ta ƙi tashi. Za ka iya.

Fara duba lambar allon, tana rubuce a jikinsa, har da lambar bugu (revision), don fayil na wani bugu yakan kashe allo. A wata kwamfutar, sauko da fayil ɗin BIOS daga shafin kamfanin allon kawai. Da manhajar Rufus ka mai da filashin tsarin FAT32, ka zaɓi FreeDOS (ƙaramin tsarin da kwamfutar za ta tashi da shi maimakon Windows), ka zuba fayilolin, ka tayar da kwamfutar daga filashin. Idan filashin ya ƙi tashi, kunna CSM (tsohon salon tashi) a saitin BIOS.

Da an fara rubuta sabon BIOS ɗin, hannunka a aljihu. In wuta ta ɗauke a nan, sai dai mai gyara. Ni dai ba na taɓawa sai da UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke.