Tambaya da Amsa: Shin Maganin Ƙarfe Yana Kare Mai Sare Itace?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara biyu ke nan ina yaron opareta, wato mai yankan itace da inji, a dazukan Taraba, ina ɗaukar mai da sarƙa, ina share gindin itace. Yanzu maigidana zai ba ni inji in fara yanka da kaina. A ranin da ya wuce wani abokin aikinmu ya rasu a daji, tun daga nan mahaifiyata ba ta samun barci. Manyanmu sun ce in je wajen wani mutum ya haɗa mini maganin ƙarfe kafin in taɓa inji, kuma kuɗinsa ya kai ladan aikina na wata guda. Shin yana da amfani? Su kuma Turawan da muke gani a bidiyo, haka suka yi ta mutuwa kafin su kai inda suke?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan abokin aikinka, Ya ba iyayensa haƙuri. Mahaifiyarka tana da gaskiya da ta damu, domin sana'ar da za ka shiga tana cikin mafiya hatsari a duniya.

Zan fara da tambayarka ta biyu. Sun mutu, da yawa kuwa. A ƙarni na 19, a jihar Maine ta Amurka, masu sare itace kan shiga daji da hunturu, saboda gungume ya fi sauƙin ja a kan ƙanƙara, su tara shi a bakin kogin Penobscot. Idan ƙanƙara ta narke sai a tura gumaguman cikin ruwa, a bi su da sanduna masu ƙugiya har zuwa injinan tsaga katako na garin Bangor. Duk lokacin da gumagumai suka cunkushe a wata kwana, mutum ne zai taka kansu ya nemo wanda ya tokare sauran, kuma sau da yawa idan cunkoson ya ɓalle da shi yake tafiya. Da itatuwan gabas suka ragu sai sana'ar ta koma Michigan da Wisconsin, daga baya ta kai Oregon da Washington. A can ne ma'aikata suka yi babban yajin aiki a 1917 saboda tsawon lokacin aiki da ƙazantar makwanci, har aka mayar da aikin yini awa takwas a 1918.

Kayan aiki ma sun yi ta canzawa, daga gatari zuwa dogon zarto na mutum biyu. Andreas Stihl na Jamus ya fitar da injin zarto mai lantarki a 1926, da mai fetur a 1929, irin sarƙar da kake wasawa yau kuma Joseph Cox ne ya ƙirƙiro ta a 1947. Birkin sarƙa, wanda ke tsayar da ita nan take idan inji ya yi tsalle, bai zo ba sai farkon shekarun 1970. Duk da haka, har gobe sare itace yana sahun gaba a jerin ayyukan da suka fi kisa a Amurka, kuma abin da ya fi kashe masu yin sa shi ne faɗowar itace ko reshe a kan mutum. Busasshen reshen da ya karye ya maƙale a sama ma suna da sunan da suke kiransa, ma'anarsa mai jefa mace takaba.

Ka riƙe wannan da kyau, domin a nan maganar maganin ƙarfe take rushewa. Na shekara fiye da ashirin ina aikin malamin daji, kuma babu ƙaryar da ta fi ci mini rai kamar wannan, don kusan kowane sabon opareta da ita yake zuwa. Ba zan tsaya jayayya kan wasan 'yan tauri a dandali ba. Abin da na sani shi ne sarƙar inji tana gudun kusan mita 20 a cikin sakan ɗaya, kuma an ƙera haƙoranta ne su yagi ƙirya da madobiya, itatuwan da gatari ke dakushewa a jikinsu. Cinyar mutum ba komai ba ce a wajenta. Mai sayar da maganin bai taɓa kunna inji ya ɗora a kan ƙafarsa ba, kuma ba zai yi ba. Idan yaro ya yanke, amsarsa a shirye take: ya karya sharaɗi, ya ci abin da aka hana shi, ko ya tsallake wani abu. Kuɗin dai ba ya dawowa, ƙafar ma haka.

Mu ɗauka ma, don a kashe magana, cewa maganin yana aiki. To, me zai yi da itace? Akwai wani saurayi da aka kira mu a kansa shekarun baya, ba zan manta da shi ba. Ya sare wani kawo, kawon bai kai ƙasa ba, ya jingina a kan wani maje. Maimakon ya bar wurin a nemo igiya ko mota a ja gindin, sai ya shiga ƙarƙashi ya kama yankan majen da ke tallafe da shi. Da muka isa, gurunsa yana nan a ƙugu, layu a damtse, injin yana gefe da sauran mai a ciki. Babu ko ƙwarzanen ƙarfe a jikinsa. Itace biyu ne suka sauko masa a lokaci ɗaya. Abokan aikinsa sun shaida mini cewa kafin a ba shi maganin ba ya kusantar itacen da ya maƙale. Babbar illar wannan ƙarya ke nan, tana cire wa mutum tsoron da ke tsare shi, ta sa ya tsaya a inda mai hankali ba zai tsaya ba. Ƙwayar da wasu ke sha don su jure wahalar yini ita ma haka take yi, har ta ƙara da kashe hanzarin da ake buƙata wajen gudu.

Babu mai hana ka addu'a, ni ma ba na shiga daji sai na yi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Ɗaurin raƙumi a sana'arka sananne ne. Kafin ka kunna inji ka ɗaga kai ka dubi sama, ka nemi busassun rassa da kurangar da ta haɗa itacen da maƙwabcinsa, ka ga inda nauyinsa ya karkata da inda iska take kaɗawa. Ka share hanyar gudu ta baya, a karkace, domin gindin itace yakan yi harbi kai tsaye ta baya. Kada kowa ya tsaya kusa da kai sai da tazarar tsawon itacen sau biyu, har da yaron da zai gaje ka wajen ɗaukar mai.

Ka san bakin da ake buɗewa ta gaba da yankan da ake yi ta baya, amma abin da na ga ana wasa da shi shi ne naman da ake bari a tsakaninsu, kimanin kashi ɗaya cikin goma na kaurin itacen. Wannan naman ne linzami. Wanda ya yanke shi duka don sauri ya saki itacen ya faɗi inda ya ga dama. Itacen da ya karkata sosai kuma yakan tsage a tsaye tun yanka bai ƙare ba, ɓarin ya yi sama ya dawo kan opareta, don haka kada ka fara da irinsa sai gwani yana tsaye a kanka.

Shi kansa injin, wurin tsoro shi ne saman hancinsa. Idan ya taɓa wani abu sarƙa tana gudu, injin yakan yi tsalle ya nufo fuska kafin ƙiftawar ido. Saboda haka aka yi birki. Abin takaici, manyan tsofaffin injinan da aka fi so wajen tsaga katako da yawansu ba su da shi, masu shi kuma idan ya lalace sai makanike ya cire ya ce ba ya hana aiki. Hukuma kuwa ta iya tare mota a hanya ta nemi takardar izini, musamman tun da aka sa madobiya cikin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido a duniya a 2017, amma ban taɓa ganin an tambayi mai inji ko an koya wa yaransa aiki ba. Wanda ya mutu a daji sai a ce kwanansa ne ya ƙare, babu mai rubuta yadda abin ya faru don na baya su koya.

Kuɗin nan na wata guda, ka kai shi kasuwa ka sayi hular kwano ta aiki, da takalmi mai ƙarfe a baki, da abin toshe kunne, da tabarau. Idan ka samu wandon opareta, wanda aka cusa wa dogayen zaruruwa da ke cushe sarƙa su tsayar da ita, ka saya ko na hannu ne. Ka riƙa tafiya da bandeji mai kauri, kuma idan wani ya yanke a danne wurin da ƙarfi a nufi asibiti, kada a zuba ƙasa ko baƙin mai. Sannan ka roƙi maigidanka, cikin ladabi, ya tsaya kusa da kai a itatuwanka na farko, kuma ya ba ka injin da birkinsa ke aiki. Idan ya ƙi wannan, ka ci gaba da ɗaukar mai har ka samu wani maigidan.