Yatsuna na mutuwa a kan keke: wace robar hannu zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Maigida. Ina koyon walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, gidanmu kuma yana Aboabo, da keke nake zuwa nake dawowa. Robar hannun keken ta cinye, sai na yanka tsohon tiyub na naɗe ƙarfen da shi. Yanzu kafin in isa wurin aiki, ƙaramin yatsana da na kusa da shi sun mutu, kamar minjirya ta kama ni. Wani ya ce in sayi ta soso mai laushi sosai. Ita ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Kada ka yi saurin sayen ta soson nan tukuna. Laushi shi ne abin da ya fi ruɗin mai saye: za ka matsa ta a shago ka ji kamar katifa, amma da nauyinka ya sauka a kanta sai ta lotse, tafin hannunka ya iske ƙarfe. Mai arha kuwa tana shan gumi da ruwan sama, kuma ka san Kumasi damina biyu gare mu. Ba ta daɗewa take fara wari da ɓarɓashi.

Yatsun da ka ambata su suka nuna mini inda matsalar take. Akwai jijiyar da ke bi ta gefen tafin hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa, ita ke kai ji ga wannan yatsa da rabin maƙwabcinsa. Buɗe hannunka ka taɓa tudun naman da ke ƙasa da ƙaramin yatsa, dab da wuyan hannu. A nan take wucewa, kuma a nan mai keke ke jibge nauyinsa. Da babban yatsa ne da manuni da na tsakiya suke mutuwa, da na ce wata jijiyar ce, wadda ke tsakiyar wuyan hannu, ita kuma lanƙwashewar hannun ce ta fi damunta. Naɗin tiyub ɗinka ya ƙara dagula abin, domin wani wuri tudu, wani wuri kwari, in rana ta yi zafi kuma ya yi santsi, dole ka ƙanƙame shi da ƙarfi.

Abin da nake fara dubawa shi ne kauri. Ƙarfen kan keke, inda ake riƙewa, milimita 22.2 ne a kusan duk keken da ke da miƙaƙƙen kai, saboda haka ramin ciki ba zai ba ka wahala ba. Bambancin yana waje: yawanci daga milimita 29 zuwa 34. Ba sai ka riƙe lissafi ba. Ka damƙe robar yadda za ka riƙe ta a hanya. In bakin yatsanka na tsakiya ya ɗan taɓa tudun babban yatsa, ta yi maka. In yatsun suna nutsewa cikin tafi, ta yi siriri, kuma siririya tana tara nauyi a wuri guda. In akwai tazara sosai, ta yi kauri, birki zai yi maka nisa. Mai walda hannunsa ba ƙarami ba ne, ina zaton wajen 32 za ka tsaya.

Ga wanda yatsunsa ke mutuwa, na fi son irin mai faɗi a gefe, wadda ta yi kamar cokali inda tafin hannu ke zama. Kamfanin Ergon na Jamus ya yi suna da ita, amma akwai kwaikwayonta da yawa, wani lokaci ma a jikin kekunan gwanjo ake samun mai kyau. Amfaninta shi ne ta baza nauyin a faɗin tafi. Sai dai tana da sharaɗi: dole ta zama mai zoben ƙarfe da ake ɗaurewa da alanki, ɗan maɗaurin nan mai siffar L. In babu zoben, faɗin zai riƙa zamewa ƙasa, wuyan hannunka ya bi shi ya lanƙwashe, ka koma gidan jiya. Wajen ɗaurawa, hau keken ka jingina da bango, ka juya ta har bayan hannunka da damtsenka su miƙe layi guda, sannan ka ɗaure.

In ba ka samu wannan ba, ɗauki ta roba mai matsakaicin tauri, wadda in ka danna da farce za ta ɗan shiga ta dawo. Ta silikon tana shanye girgiza da kyau, amma faɗuwa ɗaya kan yage ta. Ta fata kuwa, ko da baduku gwani ne ya ɗinka, ado ce ga keken da ba ya kwana a ruwa. Ka lura da tsayi: cikakkiya wajen milimita 130 ce, amma in giyarka irin ta murɗawa ce, gajera ake sawa a wannan gefen.

Yanzu ga abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, ni kuma ba zan ɓoye maka ba ko da zai hana ni ciniki. Sau da yawa laifin na sirdi ne. In bakin sirdin ya sunkuya ƙasa, jikinka zai riƙa zamewa gaba, hannuwanka ne ke tokare ka tun daga Aboabo har Suame, balle a gangara. Daidaita shi ya kwanta sosai. Duba kan keken ma, in ya yi ƙasa da sirdi da yawa a ɗan ɗaga shi. Hannun birki kuma ya kalli ƙasa kaɗan, yadda yatsu za su sauka a kansa ba tare da ka karya wuyan hannu ba. Ka bar gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe in za ka shiga gargada.

Wajen sawa, don Allah kada a sa sabulu, man inji ko giris. An taɓa kawo mini keken wani yaro da aka sa masa roba da ruwan sabulu. Ruwan sama ya taɓa ta, yana miƙewa zai hau tudu ta zare a hannunsa. Haɓarsa na gani an naɗe da bandeji, har yau abin yana raina. Goge ƙarfen ya bushe tas, ka zuba sifirit, irin na goge rauni, kaɗan a cikin robar, ka tura ta da sauri, ka bar ta ta kwana. Ko ka kai wa mai faci ya hura iska ƙarƙashinta, nan take za ta shige. Bakin ƙarfen kuma a toshe shi, domin buɗaɗɗen baki kan huda ciki ko cinya in an faɗi.

Ka gyara waɗannan ka yi mako biyu kana lura. In yatsun na mutuwa ko ba ka hau keke ba, ko ka ga riƙon filaya na gagararka, ka je asibitin Manhyia, ba shi da nisa da ku. Ka gaya wa likita har da aikinka, domin girgizar injin gurza ƙarfe da guduma su ma suna taɓa wannan jijiyar.