Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan faɗuwar sugan Baba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki. Kin ce Baba ya kusa shekara 70, da girmansa ciwon suga ya same shi, ƙwayoyi yake sha ba allura ba, amma shekaranjiya kafin azahar sai gumi ya karyo masa, hannunsa na rawa, yana magana ba kan gado, sai da aka haɗa masa shayi mai suga sannan ya dawo hayyacinsa. Kina tambaya ko mai irin wannan ciwon ma sugansa na faɗuwa, tunda ke a saninki hauhawa ce matsalarsu. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a sashen gaggawa, kuma mahaifiyata tana da wannan ciwon, a hannuna take.

Ƙwarai kuwa yana faɗuwa, kuma abin da kika siffanta shi ne. Wanda ya ba shi shayin nan Allah ya saka masa da alheri. Hawan suga a hankali yake ɓarna, shekara da shekaru yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Faɗuwarsa kuwa ba ta jira. Ƙwaƙwalwa da suga take aiki kuma ba ta da ajiya, shi ya sa da ya yi ƙasa sosai mutum ke rikicewa, ya suma, wani har ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya. A na'urar gwaji, duk abin da ya gaza 70 faɗuwa ne, in ya gaza 54 kuma abin ya yi tsanani. Ki lura da irin na'urarku: wasu da ƙananan lambobi suke nunawa, a wajensu 70 ɗin nan shi ne 3.9, 54 kuma 3.0.

Abu na farko da nake so ki yi, ki ɗauko kwalayen maganinsa ki karanta sunayen. Ƙwayoyin suga ba iri ɗaya ba ne. Metformin, wanda aka fi sani da Glucophage, in shi kaɗai ake sha da wuya ya kayar da suga. Amma akwai wani gida na magunguna da aikinsu shi ne matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba: glibenclamide, da yawa sun fi saninsa da Daonil, sai glimepiride da gliclazide. A cikinsu glibenclamide ya fi kayar da tsofaffi, don yana daɗewa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta rubuta a jerin muhimman magungunanta cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Amma da yake yana da araha kuma kowane kemis akwai shi, har gobe shi ne a hannun dattawanmu. Wani ma tun shekaru goma da suka wuce aka rubuta masa, yake ta saye da tsohon kwali, bai sake komawa gaban likita ba. Akwai kuma ƙwayar da aka haɗa biyun a ciki, metformin da glibenclamide, sai ki ji mutum ya ce ai shi guda ɗaya tal yake sha.

Inda na fi son mu tsaya shi ne batun abinci, don nan ne muke cutar da iyayenmu da kyakkyawar niyya. Da an ce tsoho yana da suga, gida gaba ɗaya sai a tsorata. A hana shi shinkafa, a hana tuwo, a hana doya, a hana fura, a bar shi da acca da wake da alkama kullum. Tsoho kuwa dama cinsa ya ragu, haƙora sun yi rauni, abincin nan bai masa daɗi. Sai ya tsakura ya ture kwano. Amma ƙwaya ba ta fashi, kowace safiya sai an miƙa masa da ruwa. Ya sha magani da ɗan kofin koko marar suga, ya ɗauki sanda ya tafi gona ko kasuwa ko zaman makoki, wajen ƙarfe 11 ko 12 magani ya kai ƙarfinsa, ciki babu komai. Ki tuna abin da Baba ya ci a safiyar ranar. Ina kyautata zaton a nan amsar take.

An taɓa kawo mana wani dattijo a a-daidaita-sahu, 'ya'yansa na kuka, wani yana masa tofi. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, rigarsa jiƙe sharkaf, jikinsa sanyi ƙalau. Duk sun gama yanke cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Muka huda yatsa, na'ura ta nuna 30 da ɗan wani abu. Aka tura masa ruwan suga ta jijiya. Ba a daɗe ba ya buɗe ido, ya kalle mu, ya ce ina hularsa. Kwana biyu ke nan yana fama da zazzaɓi da amai, ba ya cin komai, amma uwargidansa ba ta bari ya tsallake maganin suga ko sau ɗaya ba, don tana tsoron kar ya hau. Ba mu sallame shi a ranar ba. Wanda glibenclamide ya kayar, ko ya farfaɗo, sugan na iya sake faɗuwa cikin yinin ko cikin dare, har washegari. Saboda haka dawowar da Baba ya yi bayan shayi ba ta rufe maganar ba.

Akwai wasu dalilan da ba a gani da ido. In ƙoda ta fara rauni, magani ba ya fita da wuri, adadin da ya yi wa mutum daidai bara sai ya yi masa yawa bana. Haka in ya rame. Wasu magungunan ma suna ƙara wa abin ƙarfi: Septrin da ciprofloxacin da ake saye a kemis ba tare da takarda ba, da kwinin na zazzaɓin cizon sauro. Sai jiƙe-jiƙen gargajiya. Ba na raina shuwaka ko garahuni ko zogale, amma wanda ke shan ƙwayar asibiti ya ɗora jiƙo a kai, ba wanda ya san adadin da ya shiga jikinsa. In Baba na shan wani abu irin wannan, ku gaya wa likita, ba abin kunya ba ne. Sannan maganin hawan jini irin su atenolol da propranolol suna ɓoye bugun zuciya da rawar hannu, sai gumi kawai za a gani. Tsofaffi da waɗanda abin ya sha faruwa da su kuma, alamun kan dushe. Mahaifiyata ba ta rawar jiki sam. Ita shiru take yi, ko ta hau faɗa ba dalili, ko ta riƙa maimaita tambaya ɗaya. Yanzu duk yaran gidan sun san da sun ga haka na'ura za su ɗauko. Faɗuwar suga ta cikin dare kuma ana gane ta da zanin gado jiƙe da gumi, mugun mafarki, da ciwon kai da asuba.

In ya sake faruwa yana iya haɗiya, a jiƙa suga cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa a ba shi, ko zuma babban cokali ɗaya, ko rabin kwalbar lemo mai suga, ba irin wanda aka rubuta babu suga ba. A jira minti 15 a sake gwadawa. In bai haura 70 ba a maimaita. Da ya dawo, a ba shi abinci na sosai, tuwo ko burodi ko fura, kar a tsaya a lemon. In babu na'ura a kusa kuma ana kokwanto, a ba shi sugan. Cokali uku ba zai kashe wanda sugansa ya hau ba, amma rashinsa na iya kashe wanda nasa ya faɗi. In kuwa ya suma ko ba ya iya haɗiya, don Allah kar a ɗura masa komai, zai shaƙe ya tafi huhu. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a nemi mota, kuma da isa asibiti a faɗa da babbar murya cewa mai ciwon suga ne, ga maganin da yake sha.

Batun azumi dole in taɓa shi, don dattawanmu ba sa wasa da Litinin da Alhamis, balle Ramadan. Wani babban bincike mai suna EPIDIAR da aka yi a ƙasashe 13 a azumin 2001 ya nuna cewa faɗuwar suga mai tsanani ta ninka kusan sau bakwai da rabi a cikin Ramadan ga masu irin ciwon Baba. Ƙa'idar da likitocin suga na duniya suka fitar a kan azumi ta ce duk wanda ya ga ƙasa da 70 ya karya nan take, ko da saura kaɗan a sha ruwa, kuma huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Na san tsoho ba ya jin wannan daga bakin 'yarsa, amma yakan ji daga malamin da yake girmamawa. Mu haka muka yi da Mama. Kuma ba kowa ake hana azumi ba, da yawa suna yi lafiya in an je wajen likita tun kafin wata ya kama aka gyara lokacin shan magani da adadinsa.

Akwai kuma alfahari da ƙaramar lamba. Sai ki ji ana murna wai sugan Baba kullum 80 da safe. Ga matashi madalla. Ga dattijo mai shan irin wannan ƙwaya, ni tsoro yake ba ni, don tsakaninsa da faɗuwa taku ɗaya ne. A 2008 an dakatar da wani ɓangare na wani bincike kan masu ciwon suga mai suna ACCORD a Amurka da Kanada, saboda waɗanda aka matsa wa sugansu ya sauka sosai sun fi mutuwa a kan waɗanda aka bi da su a hankali. Tun daga nan likitoci suke sassauta wa tsofaffi ma'auni.

Kada ku dakatar da maganin gaba ɗaya da kanku ku zauna a gida, kuma kada ku jira ranar da aka rubuta a kati. Ku kai shi gobe in Allah ya kai mu, da duk kwalayen a leda, har da na hawan jini da na gargajiya. Ku gaya wa likita lokacin da abin ya faru da abin da ya ci, ku roƙi a duba ƙodarsa, ku tambaya ko za a rage ƙwayar ko a canza ta. Kafin nan, in bai ci abinci ba kar a ba shi ƙwayar nan mai matsa insulin, a sa masa suga mai ƙwaya a aljihun gaba, kar ya kwana shi kaɗai a ɗaki, kuma in yana tuƙa mota ko babur ya haƙura tukuna. Ki duba kwalin yau ki faɗa mini sunan da ke jiki. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.